Allurar kashe ƙwayoyin cuta kafin tiyatar kaba: ina neman shawara

Assalamu alaikum likitoci da 'yan uwana ma'aikatan jinya. Ina aiki a ɗakin tiyata na wani ƙaramin asibiti, kuma wata matsala ta tsaya mini a rai.

A wurinmu, sai an gama ɗinki ake yi wa mai kaba allurar ceftriaxone (maganin kashe ƙwayoyin cuta), a sallame shi da ƙwayoyin kwana 5. Duk da haka, wani dattijo mai ciwon suga da aka saka wa raga (wadda ake sakawa a ciki don ƙarfafa wurin kabar) ya dawo bayan mako guda, ɗinkin ya yi ja, yana tsatsar mugunya har ta jiƙa bandejin.

Abin da na koya shi ne a ba da wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, cefazolin, giram 2 ta jijiya cikin minti 60 kafin yanka, a ƙara idan aiki ya wuce awa 4. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta 2016 ma ta hana ci gaba da maganin bayan tiyata. To cefazolin ɗin ce babu a kantin maganinmu.

Wane magani kuke sa a madadinta, kuma nawa? Mai suga da raga ma allura ɗaya ta isa? Sannan ta yaya zan faɗa wa likitanmu ba tare da ya ga na raina shi ba?