Na ɗora kaya a shafina, Google bai gani ba

Maman Husna (Agege): Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau kwana 12 da ɗora sabbin turarukan wuta da humra a shafina, amma ko sunan shagon na rubuta a Google ba ya fitowa. Wai sau nawa yake zagayowa ne?

Baban Sadiku (Idi-Araba): Wa alaikumus salam Hajiya. Ai ba shi da ranar kasuwa. Manhajarsa mai yawo, Googlebot, tana kai ziyara ne gwargwadon yadda ake sabunta shafi da yadda wasu shafukan ke nuno shi. Jaridar da ke sakin labari duk awa ba ta yin nisa da ita, wanda aka yi wata uku ba a taɓa ba kuwa sai ta ga dama. Su da kansu sun ce abin kan ɗauki 'yan kwanaki zuwa 'yan makonni.

Injiniya (Ikeja): Kafin a ɗora wa haƙuri laifi, Hajiya rubuta site: a Google, ki manna adireshin shafin a jikinsa ba tazara. Me ya fito?

Maman Husna: Wayam, ko ɗaya.

Injiniya: To ba jinkiri ba ne wannan. Idan da manhajar gina shafi ta WordPress aka yi shi, shiga Settings, ki danna Reading. Can ƙasa akwai ɗan akwatin hana injunan bincike ɗaukar shafin. Masu gini kan sa masa alama lokacin aiki, su miƙa shafi su manta. A kasuwar kwamfuta ta Computer Village na ga irinsa ya fi a ƙirga.

Maman Husna: Innalillahi! Ga alamar nan zaune daram. Ashe ni na kulle ƙofa nake jiran baƙo. Yaron nan da ya gina min sai mun haɗu.

Injiniya: Cire ta ki adana. Sai ki buɗe Search Console, dandalin Google na masu shafuka, kyauta ne, ki miƙa taswirar shafin, wato jerin adiresoshin duk abin da ke cikinsa. Tun 2020 WordPress ke haɗa ta da kansa, a ƙarshen adireshi ki ƙara /wp-sitemap.xml za ki gan ta. Sannan ki sa adireshin humrar a akwatin bincike na saman Search Console, ki nemi a shigar da shi. Sau ɗaya ya isa, maimaitawa ba ta ƙara sauri.

Alhaji Mai Albasa (Mile 12): Ni nawa ya ziyarta, amma ya ƙi shigar da fiye da rabi. Sai da ɗana ya duba muka gane: albasar Aliero, ta Kano, farar, jar, duk bayani ɗaya na kwafa, suna kawai na canja. Da na zauna na rubuta girman buhu da kwanan da kowace ke yi ba ta ruɓe ba, suka fara shiga ɗaya bayan ɗaya.

Baban Sadiku: Shi ne, Alhaji. Ziyara daban, shiga rumbu daban. Yana iya karantawa ya ga bai cancanci ajiya ba.

Anti Bilki (Obalende): Wani ya ce in ba shi kuɗi ya shigar da nawa cikin awa ɗaya. In ba shi?

Injiniya: Anti riƙe kuɗinki. Hanyar gaggawar da Google ya buɗe ta tallan guraben aiki ce da bidiyon kai tsaye, ba ta leshi ba. Akwai tsarin IndexNow da injunan bincike na Bing da Yandex suka fito da shi a 2021, yana sanar da su nan take, amma Google ba ya ciki.

Maman Husna: Na cire alamar. Sauran sai an kawo wuta, wayata saura kashi 4.

Anti Bilki: Kafin ta mutu, humrar nawa ce kwalba?