Ƙofar Dutse da Ƙofar Ƙasa

Bakabe: Jiya na tai Surame, ƙasar Binji. Ganuwar Kanta, sarkin Kabi na da, na nan, haki ya rufe hanya amma dutsen bai gusa ba. Ga baitina:

Surame, birnin Kanta na gani,
Dutse bisa dutse anka yi gini,
Shekara ɗari uku, damana da rani,
Ba kowa ciki, ƙofa na tsaye ku gani.

Ɗan Kabuga:
Bakabe, kufai kake wa kirari,
Mu namu ƙofofin suna tsakar gari,
Sarki Gijimasu ya sa tubalin fari,
Je Ƙofar Mata ka ga marina bisa tsari.

Bakabe:
Ɗan Kabuga, sunanka ya tone ka,
Ta nan Nasara sunka shiga garinka,
Na'isa ko an rushe ta gabanka,
Siminti anka shafa, shi ag gadonka.

Bazazzagiya: Allah ya ƙara basira, Bakabe! Bakano ya ji jiki. Shigar Nasara Kano ta Ƙofar Kabuga a 1903 ba ƙarya ba ce.

Malamin Kari: A yi haƙuri, baitin Bakabe na farko ya yi ɗingishi. Ya rufe ɗango biyu da "gani", kuma na huɗun ya fi na farkon tsawo da gaɓa uku.

Bazazzagiya: Malam, ka ƙirga na Bakano mana. Ɗangonsa na ƙarshe sai an ja numfashi sau biyu. Ko don ɗan garinku ne?

Malamin Kari: Ni ba Bakano ba ne, Hajiya. Nasa ma ya zarce, amma bai maimaita amsa-amo ba.

Bazazzagiya: Makaɗan fada ba sa ƙirga gaɓa da yatsa, kunne ke musu awo.

Ɗan Kabuga: Kwana biyu ban leƙo ba. Maganar Ƙofar Na'isa ta taɓa ni, Yaya Bakabe, don ina wurin a 2010 da aka rushe ta saboda faɗaɗa titi. Ƙurar jar ƙasa ce ta cika mana baki.

Na ga katafila ta kai mata sara,
Azara ta faɗo, tsofaffi na ƙara,
Kakata ta ɗebi ƙasar a ƙwarya,
Har ta rasu tana nan ƙarƙashin gadonta.

Malamin Kari: Na uku da na huɗu sun bar amsa-amo.

Bakabe: Ƙyale shi, Malam. Ƙanena, ƙwaryar tana hannun wa yanzu?