Kwamfutar Dell mai sauya murfi: me waɗanda suka yi aiki da ita suka gani?

Malamin sakandare, Zariya

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa riƙe kwamfutar tafi-da-gidanka ta Dell Inspiron 15R, wadda lambarta N5110, domin an yi mini tayin ta hannu a farashin da bai fi ƙarfina ba. Abin da ya ja hankalina shi ne murfin bayanta, wanda ake cirewa a sa wani mai launi dabam, amma aikin da zan yi da ita bai wuce buga jarrabawa da haɗa makin ɗalibai ba. Shin murfin yana da wani amfani bayan ado, kuma injin zai iya ɗaukar aikin yau?

Mai gyaran kwamfuta, Kano

Wa alaikumus salam, Malam. Irinta da yawa sun bi ta hannuna. A 2011 Dell ya fito da wannan jeri, wato 14R da 15R da 17R, ya kira tsarin murfin SWITCH. Akwai ɗan maɓalli da ake dannewa a riƙe, sai a zame murfin a ɗaga shi, ba tare da an kwance ƙusa ko ɗaya ba. Sai dai ba kowace N5110 ce ke da shi ba, saboda haka ka sa mai sayarwa ya cire murfin a gabanka kafin ku yi ciniki.

Shawarata ita ce ka fi ba cikinta muhimmanci. Injinta, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aiki, Intel Core ne na ƙarni na biyu (zubi na biyu na wannan injin), allonta inci 15.6 ne, tana da gurbi biyu na RAM (ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita) nau'in DDR3 a bayan wata 'yar ƙofa a ƙasa, kuma kai ta zuwa gigabayit 8 aikin 'yan mintoci ne. Faifan ajiya kuwa an ɗaure shi ne a jikin babban allon lantarki na ciki, wanda ke nufin sai an ɗaga madannai da duk saman kwamfutar kafin a kai gare shi, kuɗin aikin ma ya fi na sauran. Abin da nake yi wa masu ƙaramin ƙarfi shi ne in zare na'urar DVD, wadda kusan ba wanda ke amfani da ita yanzu, in zura SSD, wato faifan ajiya na zamani mai sauri, a gurbinta cikin ɗan akwatin da aka yi domin haka. Wanda ya ga yadda take tashi bayan wannan canji ba ya ƙara tambayar launin murfi.

Ɗaliba a jami'a, Sakkwato

Ina neman afuwar Malam mai gyara, domin ni launin ya yi mini rana. Tawa na gāda ne daga yayana da jan murfi, kuma a ɗakin karatu, inda akan jera baƙaƙen kwamfutoci a soket guda ana caji, daga bakin ƙofa nake hango tawa. Lokacin da murfin ya tsage a cikin jaka, shi kaɗai aka sauya, allon bai san an yi ba. Sai dai baƙi na samu, domin masu zane da launi sun yi wuya a kasuwa, har na haƙura na manna masa sitika. Nauyinta kuma ya haura kilo biyu da rabi, wanda mai yawo tsakanin ajujuwa da tsakar rana zai ji a kafaɗarsa.

Mai shagon buga takardu, Maraɗi

Malam, tunda maki za ka riƙa shigarwa, za ka ji daɗin madannan lissafi da ke gefen dama, waɗanda ƙananan kwamfutoci ba su da su. Tana kuma da mahaɗin VGA da na HDMI, ga USB 3.0, don haka tsohon majigi da sabon talabijin duka suna karɓarta.

Inda na sha wahala batir ne. Wanda ya sayar mini ya rantse cewa sabo ne, da aka ɗauke wuta kuwa ko shafi ɗaya ban ƙarasa ba ta mutu. Kwamfutar da ta haura shekara goma ba a tsammanin batirinta na asali ya rayu, sa'ar da aka yi ita ce daga waje ake zare shi, ba sai an je wurin mai gyara ba. Ka cire caja a shagon, ka zauna ka ga yadda cajin ke sauka. Ƙurar hunturu ma tana toshe fankarta, idan ka ji iskar da take fitarwa ta yi rauni kuma jikinta ya ɗau zafi, a buɗe a share.

Ma'aikaciyar ofis, Kaduna

Akwai batun da ba a taɓo ba. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma ba ta amince da injin Intel na ƙarni na biyu ba. Tawa na mayar da ita Linux Mint, wani tsari da ke maye gurbin Windows, kuma manhajar ofis ta LibreOffice tana buɗe takardun Word da Excel, ko da yake jadawali mai ado da yawa yakan ɗan goce. A ganina, idan bambancin kuɗin bai yi yawa ba, gara Malam ya ƙara ya sayi mai injin ƙarni na takwas, wanda Windows 11 ke karɓa, sitika kuwa ana manna ta a kowane murfi.

Malamin sakandare, Zariya

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan koma shagon in gwada maɓallin murfin da batirin kamar yadda kuka ce. Malam mai gyara, idan an sa SSD a gurbin DVD, shin sai an cire tsohon faifan, ko za a iya barinsa a ciki ya zama wurin ajiye takardu?