Kwamitin tsaron unguwarmu ya cije, ina mafita?

Assalamu alaikum jama'a. Ni ne ma'ajin kwamitin tsaro na unguwarmu a cikin birnin Kano. Da ƙwacen waya ya ishe mu, muka ɗauki 'yan sintiri shida, kowane gida yana ba da naira 1,000 a wata. Yanzu rabin gidajen sun daina biya, wai ai lafiya ta samu. Wata biyu ke nan ba mu sallami yaran ba, ko batirin tocila sai na sa hannu a aljihuna.

Ga shi layinmu yana kan iyakar ƙananan hukumomi biyu, kowacce sai ta tura mu wajen 'yar'uwarta. Mai unguwa ya sa baki, shiru.

Don Allah waɗanda suka yi wa kwamitinsu rajista, ta ina kuka fara? Kuma yaya kuke da masu ƙin biya ba tare da an ɓata zumunci ba?