Ina zan kai farin soson da muka ɓamɓaro daga bangon gida a Jamus?

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman masu aikin gini a Turai. Muna rushe wani tsohon gida a Jamus, mun ɓamɓare farin soson Styropor da aka manna a bangon waje don tare sanyi. Ba nauyi, amma ya cika mana fili, iska kuma sai kwasar ɓurɓushinsa take zuwa gidajen maƙwabta, abin da ya fi damuna ke nan.

Wurin karɓar shara biyu sun mayar da mu. Na farko ya ce soson da aka yi kafin 2015 yawanci yana ɗauke da HBCD, sinadarin hana kama wuta da aka haramta, don haka sai an ware shi daban, an ƙone shi a tandar shara, da takardar shaida. Na biyu ya ce filasta da gam da ragar da ke manne da soson sun yi yawa.

Na san masana'antar PS Loop (wadda a da ake kira PolyStyreneLoop) ta garin Terneuzen a Holan tana narkar da irinsa ta cire sinadarin. Shin tana karɓa daga ƙananan 'yan kwangila? Kuma da wane kayan aiki kuke kankare filastar ba tare da soson ya marmashe ba? Don Allah a taimaka, aiki ya tsaya.