Ƙarin bututun kabon a cikin polima ya rage shan maikurowef: ina matsalar take?

Ɗalibi a Zahran:
Assalamu alaikum, malamaina. Ina karatun digiri na biyu, kuma bincikena ya shafi gauraya siraran bututun kabon na nano (waɗanda ido ba ya iya gani saboda ƙanƙanta) da ifoksi (wani nau'in polima, wato roba mai daskarewa) domin samar da faifan da zai shanye taguwar maikurowef tsakanin gigahaz 8.2 da 12.4, inda na'urorin rada da yawa ke aiki. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, da na ƙara yawan kabon sai taguwar ta daina ratsa faifan, amma wadda yake mayarwa baya ta ƙaru. Ina neman ƙarin haske.

Injiniya a Riyad:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Tarewa daban, shanyewa daban. Idan bututun suka yi yawa har suka taɓa juna daga wannan gefe zuwa wancan, faifan yakan fara ɗaukar lantarki kamar ƙarfe, shi kuwa ƙarfe mayar da taguwa yake yi tun daga fuskarsa. Turjiyar da taguwa ke gamuwa da ita a iska kusan om 377 ce (om shi ne ma'aunin turjiya), kuma sai turjiyar fuskar faifan ta kusanci wannan adadin kafin taguwar ta samu shiga ciki, inda za ta rikiɗe ta zama zafi. Saboda haka ka rage kabon, ka auna abin da ke dawowa bayan ka jingina faifan da farantin ƙarfe. Raguwar taguwar da ke dawowa da desibel 10 (desibel ma'aunin raguwar ƙarfinta ne) na nufin an shanye kashi 90 cikin ɗari, desibel 20 kuma kashi 99. A ganina faɗin zangon da faifan ya riƙe desibel 10 ya fi muhimmanci a kan babban adadi a wuri guda cikin zangon, ko da yake babban adadin marubuta suka fi son sanyawa a kanun takardunsu.

Malama a Jidda:
Ina goyon bayan Injiniya, sai dai kada a manta da kauri. A gigahaz 10 tsawon taguwa a iska milimita 30 ne, kuma shanyewa ta fi ƙarfi idan kaurin faifan ya kai rubu'in tsawonta a cikin kayan, wanda kan sauko zuwa milimita biyu ko uku saboda taguwar takan gajarce a cikin kayan. Ka gwada haɗa kabon da ƙwayoyin magnatayit (ma'adinin ƙarfe mai maganaɗisu) ko garin ƙarfen kabonil (tataccen garin ƙarfe mai laushi), domin suna shanyewa ta ɓangaren maganaɗisu kuma suna taimakawa wajen daidaita turjiyar, illa dai suna ƙara nauyi.

Ma'aikacin masana'antar roba a Jubail:
Ɗan'uwa, ka duba yadda ka gauraya. Bututun kabon suna dunƙulewa idan ba a warwatsa su da na'urar sauti mai ƙarfi ba, kuma faifai biyu masu ma'auni ɗaya za su iya ba ka sakamako mabambanci. Ka yanki gefen kowanne ka duba shi a madubin lantarki mai girmama ƙananan abubuwa kafin ka sake yin awo.