Wace manhaja ce ta kyauta ta dace da gyaran ƙananan aikon?

Mai_Nema:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman manhaja ta kyauta da zan gyara ƙananan aikon, wato 'yan hotunan da ke zama alamar shafi ko manhaja, irin masu fiksil 16×16 da 32×32, na shafin intanet da na wata 'yar manhajar Windows. Tambarin yana nan babba a PNG, 512×512, amma da an rage shi sai ya koma dishi-dishi, rubutun cikinsa ya cakuɗe. In na ajiye shi a BMP kuma sai farin fili ya fito a bayansa. Kwamfutar tsohuwa ce, RAM ɗinta gigabayit 4. Don Allah a ba ni shawara.

Zane_da_Linzami:
Wa alaikumus salam Malam. GIMP zai yi maka aikin, kuma shi da kansa yake fitar da fayil ɗin ICO, wato nau'in fayil ɗin aikon na Windows. Sai dai dishi-dishin nan ba canjin manhaja ne zai magance shi ba. Aikon mai 16×16 fiksil 256 ne kacal. In ka matse hoton 512 zuwa 16, kowane fiksil guda ya haɗiye 1,024 na asali, manhaja ta gauraya launukansu ta ba ka na tsaka-tsaki. Ƙaramin aikon da hannu ake zana shi, ido-ido kamar ɗinkin hula.

Buɗe sabon hoto 16×16, a Advanced Options ka zaɓi Transparency don bayansa ya zama wayam. Ƙara girman kallo zuwa 1600%. Shiga Image, Configure Grid, ka mai da tazarar raga fiksil 1, sannan ka kunna Show Grid a ƙarƙashin View. Yi zane da Pencil, girma 1. Kada ka taɓa Paintbrush, domin yana shafa launi mai rauni a gefen layi, kuma a wannan girman shi ke kashe kaifin hoto. Eraser ma ka kunna masa Hard edge. Buɗe New View ka bar ta a 100% a gefe, don a nan ne kake ganin abin da mutane za su gani.

Rubutun tambarin kam cire shi. Harafi guda ko siffa guda ta isa, da launi uku ko huɗu. Ka kuma lura cewa 16 ba shi da fiksil na tsakiya, saboda haka layin da kake so ya tsaya a tsakiya sai ya zama mai kaurin fiksil 2, in ba haka ba hoton zai karkace.

Zana 16, 32 da 48 daban-daban. Na 256×256 kaɗai za ka iya ragewa daga babban. Ka tara su a hoto ɗaya ta Open as Layers, ka yi Export As da suna mai ƙarewa da .ico. Zai tambaye ka kan kowane girma: zaɓi 32 bpp mai 8-bit alpha, ka kunna Compressed PNG a kan na 256 kawai.

Gwanin_Aikon:
Bayanin Malam Zane_da_Linzami ya yi daidai, amma a tsohuwar kwamfuta ni Greenfish Icon Editor Pro zan fi nuna maka. Don aikon aka yi shi, ba shi da nauyi, kuma duk girman da ke cikin ICO ɗaya yana jera maka su a gefe, ka latsa wanda za ka gyara. mtPaint ma ya fi shi sauƙi, kuma ya ƙware a hotuna masu ƙayyadaddun launuka. In zanen fiksil za ka ci gaba da yi, akwai LibreSprite, wanda aka ɓalle daga manhajar zanen fiksil ta Aseprite a 2016 lokacin da aka canja lasisinsa, da Piskel da ke aiki a cikin burauza. Waɗannan biyun ka zana da su ka fitar da PNG.

Paint.NET yana da daɗin aiki, amma ba ya ajiye ICO sai an ƙara masa wani abu. IcoFX kuwa 1.6.4 ne na ƙarshe da aka bayar kyauta, na bayansa na kuɗi ne. Wanda ake rabawa da sunan an fasa shi ka guje shi, ta nan ƙwayar cuta ke shiga kwamfuta.

Injiniya_Ƙarami:
Batun farin filin: BMP mai bit 24 ja da kore da shuɗi kawai yake ajiyewa, ba shi da gurbin wayam, shi ya sa ake cike wurin da launi. Akwai BMP mai bit 32, amma ba kowace manhaja ke mutunta shi ba. In manhajarka ta karɓi PNG ko ICO, ka rabu da BMP. In dole sai shi, tsohuwar dabara ita ce a cike bayan da launin ruwan hoda mai lamba 255, 0, 255, a gaya wa manhajar ta ɗauke shi a matsayin wayam. Sharaɗin shi ne gefen zanen ya zama mai kaifi. Fiksil ɗin da ya gauraya ko da kaɗan ya daina zama wannan launin daidai, sai ka ga wani zobe mai ruwan hoda ya kewaye aikon ɗin.

Sauya sunan fayil daga .png zuwa .ico ba ya mai da shi ICO, cikinsa PNG ne har yanzu. In kana da ImageMagick, manhajar sarrafa hoto da ake rubuta wa umarni, layi ɗaya ya haɗa hotunan PNG ɗin su zama ICO:

magick 16.png 32.png 48.png 256.png tambari.ico

In ka gama ka ga tsohon aikon bai tafi ba, Windows da burauza suna riƙe kwafinsa. Canja sunan fayil ɗin ka gwada kafin ka zargi aikinka.

Mai_Nema:
Allah ya saka da alheri. Saura tambaya ɗaya: zan iya faɗaɗa na 16 ya zama na 32, don kada in faro daga tushe?

Zane_da_Linzami:
Za ka iya. A Scale Image ka mai da Interpolation zuwa None, kowane fiksil zai zama huɗu ba tare da gauraya ba. Ninki cikakke kawai za ka yi, 16 zuwa 32 ko 48. Daga 16 zuwa 24 ninki ɗaya da rabi ne, wasu layukan za su yi kauri wasu su sirance. Bayan ka faɗaɗa, bi kusurwoyi da lanƙwasa da Pencil ka sassaƙe su, domin a 32 akwai filin da za ka mai da abin da ka cire a 16.